Tangaran Mai Launin Tsanwa: Tarihin Sana'ar da Ta Kusa Mutuwa a Ƙasar Sin

A ƙasashenmu tangaran ba baƙon abu ba ne. Mukan kira shi faɗi-ka-mutu, gama in ya kuɓuce daga hannu, shi ke nan. Yawancin wanda muke gani a kasuwa fari ne mai zanen furanni, sau da yawa kuwa in ka juya gindinsa za ka tarar daga ƙasar Sin ya fito. Amma akwai wani irin tangaran da Sinawa suka iya ginawa ɗaruruwan shekaru kafin wannan fari mai zane. Ba a yi masa zane da launi, dukan kyansa yana cikin shafen da aka yi masa, wanda yake fitowa daga wuta da launin tsanwa, wani lokaci ya karkata wajen shuɗi kamar sararin sama bayan an ɗauke ruwa. Sinawa suna ce da shi qingci, wato koren tangaran. Turawa kuwa suna kiransa seladon.

A cikin wannan rubutu za mu bi tarihin wannan sana'a, musamman a wani gari mai suna Longquan, wanda ake faɗinsa kamar Lungcuwan. Za mu ga yadda sana'ar ta kai matuƙa, har sarakunan nesa suna neman kayanta, da yadda ta lalace har ta kusa ɓacewa, da kuma abin da ya tashe ta a zamanin iyayenmu.

Sunansa da launinsa

Masana ba su yarda a kan asalin kalmar seladon ba. Yawanci suna cewa daga Faransa ta fito. Wani marubuci mai suna Honoré d'Urfé ya fara buga wani dogon labari a shekara ta 1607, a ciki akwai makiyayi mai suna Seladon wanda aka san shi da ado mai launin tsanwa. Da mutanen Faransa suka ga tangaran ɗin, sai suka laƙaba masa sunan makiyayin nan. Waɗansu kuma suna cewa daga sunan Sarki Salahuddin na Masar ne, wanda aka ce ya aika wa Sarki Nuruddin na Sham kyautar irin wannan tangaran guda 40 a shekara ta 1171.

Launin nan ba rini ba ne. Ana haɗa shafen da garin dutse, da farar ƙasa, da tokar itace, a dama da ruwa. A cikin haɗin akwai ɗan sinadarin ƙarfe kaɗan. Idan aka toya kayan da wadatacciyar iska, ƙarfen nan yakan ba da launin rawaya ko na tsatsa. Idan kuwa aka rage iska daidai lokacin da wuta ta yi ƙarfi, sai wutar ta janye iskar da take cikin shafen, launin ya juya ya zama kore. Duk wanda ya taɓa tsayawa a matoya zai gane wannan, gama tukunyar da ta sha iska takan fito ja, wadda aka rufe da hayaƙi kuwa ta fito baƙa. Bambancin shi ne zafin wuta. Wutar da maginanmu suke toya tukwane da ita a fili ba ta cika wuce digiri 900 ba, amma seladon yana bukatar wajen digiri 1,300. A wannan zafi yumɓu yakan taurare kamar dutse, shafen kuma ya narke ya zama gilashi.

Dalilin da ya sa Sinawa suka ƙaunaci wannan launi shi ne wani dutse da suke kira yu, wanda yawancinsa kore ne mai santsi. Tun zamanin dā suna ganin darajarsa fiye da zinariya. Burin maginin seladon shi ne ya ɗauki laka, ya fitar da abin da ido zai ɗauka dutsen yu ne.

Mafarin sana'ar

Tun zamanin daular Shang, fiye da shekara 1,000 kafin haihuwar Almasihu, magina a ƙasar Sin suka lura cewa tokar itacen da ta sauka a kan tukwane a cikin wuta mai tsanani takan narke ta bar ƙyalli. Daga nan suka fara shafa tokar da gangan. Aikin ya yi ta gyaruwa a hankali, har a zamanin daular Han ta Gabas, tsakanin shekara ta 25 da ta 220 bayan haihuwar Almasihu, magina a yankin Shangyu na lardin Zhejiang suka fitar da koren tangaran na sosai. Kayan wannan yanki aka sani da sunan Yue.

A zamanin daular Tang, daga 618 zuwa 907, shan shayi ya bazu a ƙasar. Wani masani mai suna Lu Yu ya rubuta littafi a kan shayi wajen shekara ta 760, a ciki ya fifita kofunan Yue a kan fararen kofunan arewa, ya kamanta su da dutsen yu da ƙanƙara. Marubutan wancan zamani sun kuma yi ta ambaton wani irin Yue na musamman da ake kira mise, wato launin asiri, wanda ake yi domin fada. Shekaru suka shuɗe har ba wanda ya san kamanninsa. Sai a 1987, sa'ad da ake gyaran hasumiyar haikalin Famen a lardin Shaanxi, aka tarar da wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da aka rufe tun 874. A ciki akwai koren tangaran fiye da guda 10, tare da allon dutse mai jerin sunayen kayan da aka ajiye, a kan allon kuwa an rubuta sunan mise. Ran nan gani ya kori ji.

Zamanin Song da tashin Longquan

Daular Song, daga 960 zuwa 1279, ita ce ta kai wannan sana'a ƙololuwa. Sarakunanta masu son ilimi ne da zane, ba su son ado mai yawa. A wajen shekara ta 1100 wata matoya a lardin Henan ta yi wa fada wani irin tangaran mai shuɗi-shuɗi da ake kira Ru. Aikin bai daɗe ba, 'yan shekaru ne kawai, abin da ya rage daga cikinsa a duniya duka bai kai guda 100 ba. A 2017 aka yi gwanjon wani ɗan faranti na Ru a Hong Kong, faɗinsa santimita 13, aka saye shi a kan dala miliyan 37 da ɗoriya.

A 1127 mayaƙan Jin daga arewa suka ci babban birnin Kaifeng, suka kama Sarki Huizong da ɗansa. Sauran 'yan sarauta suka gudu kudu, suka kafa sabuwar fada a Hangzhou, cikin lardin Zhejiang. Matoyan arewa suka fita daga hannunsu. Sabuwar gwamnati kuma tana bukatar kuɗi ƙwarai, saboda haka ta ƙarfafa ciniki ta teku. Waɗannan abubuwa biyu, wato bukatar fada da kasuwar ƙetare, su suka ɗaga Longquan.

Longquan gari ne a cikin tsaunuka a kudu maso yammacin Zhejiang. Ƙasar noma ba ta da yawa a wurin, amma akwai duk abin da magini yake nema: dutsen tangaran, da wata jar laka mai ƙarfe, da kurmin itace, da rafuffuka masu gudu. Ruwan rafi ne yake ɗaga manyan taɓare yana sauke su a turame, dare da rana, suna niƙa dutse. Kogin Ou kuma yana ɗaukar kaya har bakin teku a Wenzhou. Masu binciken kayan tarihi sun gano kufan matoya wajen 500 a wannan yanki, mafi shahara a cikinsu suna ƙauyukan Dayao da Jincun.

Yadda ake aikin

Matoyar Longquan doguwa ce kamar rami mai rufi, an gina ta a jikin gangaren tudu, kanta a ƙasa, wutsiyarta a sama. Sinawa suna kiranta matoyar dodo, domin in aka hura ta da dare tana kama da dogon dodon tatsuniyoyinsu mai fitar da wuta. Waɗansu sun kai mita 50, har fiye, guda ɗaya tana cin dubban kaya a tashi ɗaya. Kowane kwano mai kyau ana sa shi a cikin akwatin yumɓu domin kada toka ta ɓata shi. Ana fara wuta daga ƙasa, zafi yana hawa, masu aiki suna bin sa, suna cusa itace ta ƙananan kafofin da suke gefe har a kai ƙarshe. A wancan zamani ba ma'aunin zafi. Shugaban matoya yakan leƙa ta kafa ya dubi launin harshen wuta, ya jawo wani ɗan guntun gwaji da ƙugiya, sa'an nan ya yanke shawara ko a ƙara itace ko a toshe iska. In ya yi kuskure kaɗan, aikin wata da watanni na mutane da yawa ya lalace.

Babban abin da maginan Longquan suka gano a ƙarni na 12 da na 13 shi ne sabon haɗin shafe wanda ba ya zuba ko ya narke. Wannan ya ba su damar yin shafe mai kauri. Sukan fara toya kwano da ƙaramar wuta, su shafa, su sāke toyawa, su sāke shafawa, har sau uku ko huɗu, kafin a kai shi babbar wuta. A waɗansu gutsattsarin da aka tono, shafen ya fi jikin kwanon kauri. A cikin shafe mai kauri akwai ƙananan kumfa da ƙwayoyin da ba su gama narkewa ba, su ne suke warwatsa haske, shi ya sa launin yake da taushi a ido, ba ya walƙiya kamar kwalba. Launi biyu suka fi suna: fenqing, mai shuɗi-shuɗi, da meiziqing, mai kama da ɗanyen 'ya'yan itace.

Mutanen Longquan suna da labarin waɗansu 'yan'uwa biyu daga gidan Zhang, wa da ƙane, kowa da matoyarsa. Kayan wan masu baƙin jiki ne, shafensu ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Na ƙanen farin jiki ne da su, shafensu sumul. A wata ruwayar an ce ƙanen ne ya zuba ruwan sanyi a matoyar wansa saboda hassada, kayan suka tsattsage, masu saye kuwa suka fi son su haka. Labarin ya fara bayyana a rubuce ne a zamanin daular Ming, ɗaruruwan shekaru bayan lokacin da aka ce ya faru, saboda haka masana tarihi suna ɗaukarsa kamar tatsuniya. Ainihin dalilin tsattsagewar shi ne shafen ya fi jikin tukunya tsukewa sa'ad da take hucewa. Duk da haka sunayen sun zauna. Har wa yau ana raba seladon na Longquan gida biyu: Ge, wato na wa, da Di, wato na ƙane.

Ya ƙetare teku

A zamanin daular Yuan ta Mangolawa, daga 1271 zuwa 1368, Longquan ya zama kamar matoyar duniya. Shaida mafi ƙarfi ta fito daga ƙarƙashin teku. A 1975 wani masunci a yankin Sinan na Koriya ta Kudu ya jawo koren tangaran a tarunsa. Daga 1976 zuwa 1984 aka yi ta nutso a wurin, aka fito da wani jirgin fatake da kayansa: tangaran fiye da guda 20,000, fiye da rabinsu na Longquan, da tsabar kuɗin tagulla tan 28. Allunan itace da aka ɗaura wa kayan suna ɗauke da kwanan wata na shekara ta 1323. Jirgin ya tashi ne daga Ningbo zai tafi Japan. Wannan fa kayan jirgi ɗaya ne tak.

Ta wajen yamma ma kayan sun yi nisa. An tono gutsattsarinsu masu yawa a Fustat, tsohon birnin Alƙahira, da Aizab, tashar da mahajjata suke shiga jirgi a bakin Bahar Maliya wajen iyakar Sudan da Masar. An same su a Mogadishu, da Gedi, da Kilwa a gaɓar Afirka ta Gabas, inda attajirai suke manna kwanonin a bangon masallatai da kaburbura domin ado. An same su har a kufan Babbar Zimbabwe, nesa da teku. Ibn Battuta, matafiyin nan na Maroko wanda ya ratsa Takedda a 1353, ya ba da labari a littafin tafiyarsa cewa ana kai tangaran ɗin Sin Indiya da sauran ƙasashe har Magrib.

Maginan Longquan sun san abokan cinikinsu. Sinawa a ƙananan kwanoni suke ci, amma Larabawa da Farisawa da Turkawa sukan kewaye akushi ɗaya. Saboda haka aka riƙa yi musu manyan farantai masu nauyi. Akwai kuma wata camfi da ta ƙara wa kayan kasuwa: an gaskata cewa in aka zuba abinci mai dafi a farantin seladon zai tsage ko ya sāke launi. Ba gaskiya ba ne, amma sarkin da yake tsoron sammu ba ya tsayawa gardama. A fadar Topkapi ta sarakunan Turkiyya a Santambul akwai seladon fiye da guda 1,300. Koriya a zamanin daular Goryeo ta koyi sana'ar ta ƙware, magina a Tailan ma suka bi sahu.

Faɗuwar sana'ar

A gidan kayan tarihi na Tokyo akwai wani kofin shayi na Longquan daga ƙarni na 13, wanda ya tsage aka ɗinke shi da ƙusoshin ƙarfe. Sunansa Bakohan. Bisa ga labarin da aka rubuta a kansa a 1727, wani mai mulkin Japan na ƙarni na 15, Ashikaga Yoshimasa, ya aika da kofin ƙasar Sin domin a musanya masa da irinsa. Sai aka komo masa da shi a ɗinke, aka ce yanzu ba mai iya yin kamarsa. Ko da a ce an yi wa labarin gishiri, kayan da aka tono sun nuna cewa a ƙarshen ƙarni na 15 aikin Longquan ya fara ja da baya.

Dalilai uku suka haɗu. Na fari, birnin Jingdezhen ya fito da farin tangaran mai zanen shuɗi tun ƙarni na 14, idon masu saye kuwa ya koma can. Na biyu, a 1371 sarkin farko na daular Ming ya hana fatake masu zaman kansu fita teku, ba a sassauta dokar sosai ba sai 1567. Fada ta ci gaba da sayen kayan Longquan na ɗan lokaci, jiragen gwamnati a ƙarƙashin Zheng He kuma sun kai har Afirka ta Gabas tsakanin 1405 da 1433, amma wannan bai maye gurbin cinikin fatake ba. Da riba ta ragu, sai magina suka fara rage wahala. Shafe sau uku ya koma sau ɗaya, jikin kaya ya yi kauri, launi ya dushe.

Dalili na uku yana cikin gida. Haɗin shafe asirin iyali ne, ba a rubuta shi. Uba yakan koya wa ɗansa, a gidaje da yawa ba a koya wa 'ya mace, don kada ta kai asirin gidan miji. Muddin kasuwa tana ci, wannan al'ada tana kāre abincin iyali. Amma ran da ɗa ya ga sana'ar ba ta ciyar da shi ya kama wata, in uban ya mutu, an binne shi da abin da ya sani. A zamanin daular Qing, wadda ta fara a 1644, matoya kaɗan suka rage, suna yin kayan talakawa marasa kyau. Kurmi ya rufe Dayao.

Yadda aka tashe ta

A farkon ƙarni na 20 masu tara kayan dā daga Turai da Japan suka fara biyan kuɗi mai yawa a kan tsohon seladon. Mutane suka shiga tonon kufai. Waɗansu iyalai a ƙauyen Baoxi, masu gina kwanonin yau da kullum, suka riƙa tsintar gutsattsari suna gwada haɗi iri iri a ɓoye, domin su kwaikwayi na dā su sayar wa dillalai. Niyyarsu ta neman abinci ce, wani lokaci ma kayan sukan shiga kasuwa da sunan tsofaffi. Duk da haka a hannunsu ne ɗan garwashin da ya rage ya tsira. A 1928 kuma wani likita mai suna Chen Wanli ya fara zuwa Longquan, ya yi ta komowa shekara da shekaru, yana hawan tsaunuka yana tattara gutsattsari yana rubuta inda ya samo kowanne. Shi ne ya nuna wa masanan ƙasarsa cewa jujin matoya ya fi littattafai faɗin gaskiya a kan tarihin tangaran.

A 1957 Firayim Minista Zhou Enlai ya ba da umarni a farfaɗo da shahararrun matoyan ƙasar, ya ambaci Longquan musamman. Gwamnati ta kafa masana'anta a Shangyang, ta tara tsofaffin maginan Baoxi, ta kawo masana kimiyya da masu tonon kayan tarihi. Kowanne yana da abin da ɗayan ba shi da shi. Masu tono suka kawo gutsattsarin zamanin Song daga Dayao da Jincun. Masana kimiyya suka niƙa su suka auna abin da yake ciki. Amma sanin abin da yake cikin miya dabam, iya dafa ta dabam. Tsofaffin nan su suka san dutsen wane tudu ya dace, da kaurin da shafe zai yi a yatsa, da launin wutar da za a jira. Bayan gwaji mai yawa, a 1959 suka kai kayan cin abinci na seladon Bejin domin bikin cika shekara 10 da kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abu mafi muhimmanci da aka yi a lokacin shi ne sa yara a ƙarƙashin tsofaffin, ko da ba 'ya'yansu ba ne. Ɗaya daga cikinsu shi ne Xu Chaoxing, wanda aka haifa a 1943. Ya shiga koyon aiki yana da shekara 13, daga baya ya zama almajirin Li Huaide, ɗaya daga cikin maginan Baoxi. A 1996 gwamnati ta ba shi lambar gwanin sana'ar hannu na ƙasa. Shi da tsararrakinsa irin su Mao Zhengcong da Xia Houwen su suka horar da yawancin gwanayen da suka biyo baya.

Tulunan ado na yau

A shekarun 1990 masana'antun gwamnati na Longquan suka durƙushe, ma'aikata suka watse. Wannan karo sana'ar ba ta mutu ba, gama masu iyawa sun riga sun yi yawa. Suka buɗe ƙananan wuraren aiki na kansu, ɗaruruwa. A 2006 gwamnatin Sin ta sa sana'ar a jerin al'adun gado na ƙasa, a 2009 kuma hukumar UNESCO ta karɓe ta cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam. A 2019 gidan kayan tarihi na fadar Bejin ya baje kayan Longquan da makamantansu fiye da 800, waɗanda aka tattaro daga ƙasashe dabam dabam.

Tulun ado shi ne ma'aunin gwani, domin ba shi da zanen da zai ɓoye aibi. Maginan yau suna bin siffofin dā: meiping, mai faɗin kafaɗa da ɗan ƙaramin baki, wani mai dogon wuya da hannuwa biyu masu siffar tsuntsu, wani mai tumbi kamar buta, da wani mai siffar gora mai ƙugu. Waɗansu kuma suna ƙago sababbi, har suna haɗa yumɓun Ge da na Di a tulu ɗaya. Matakan aikin ba su sāke ba: a gina a kan faifai mai juyawa, a kankare, a sassaƙa zane in ana so, a toya da ƙaramar wuta, a yi shafe hawa hawa, sa'an nan babbar wuta wadda takan kai digiri 1,310. Abin da ya sāke shi ne matoya. Yawanci yanzu da gas ake toyawa, akwai ma'aunin zafi, asara ta ragu ƙwarai. Amma a Baoxi an kiyaye waɗansu tsofaffin matoyan dodo, akan kuma hura su da itace, domin kada iya karanta harshen wuta ya sāke ɓacewa.

Wanda zai sayi tulu ya kamata ya san cewa kasuwa tana da hawa biyu. Akwai kayan da ake zuba ruwan yumɓu a mazubi a fitar da ɗaruruwa iri ɗaya, masu araha. Akwai kuma aikin hannu, wanda yakan ɗauki hatimin maginin a gindi. Dukansu halal ne in an faɗi gaskiya. Ha'inci yana shigowa ne sa'ad da aka sayar da na mazubi da sunan na hannu, ko aka dusar da sabon tulu aka ce na zamanin Song ne. Haɗarin da ya fi wannan girma shi ne na koyo. Gwaninta tana cin shekaru, mazubi kuwa ana koyonsa cikin 'yan makonni, saurayi mai neman kuɗi da wuri ya san wanda zai zaɓa. Saboda haka aka buɗe makarantun koyon sana'ar a Longquan da birnin Lishui, gwamnati kuma tana tallafa wa gwanayen da ta amince da su domin su riƙe almajirai.

Wani reshen wannan sana'a ya iso kusa da mu ta doguwar hanya. Bernard Leach, Baturen Ingila, ya koyi ginin tukwane a Japan. Almajirinsa Michael Cardew ya buɗe makarantar magina a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, a farkon shekarun 1950. A 1954 Ladi Kwali ta shiga makarantar. Ta ci gaba da gina tulunanta da hannu irin na Gwari, da zanen kada da ƙadangare da kunama, sai dai ana toya su da babbar wuta, waɗansu da shafe irin na seladon wanda zanen yake bayyana ta cikinsa. Hotonta ne yake a bayan takardar naira 20.

Kammalawa

Tsofaffin kwanonin Longquan ba su taɓa ɓacewa daga duniya ba. Suna nan a fadar Santambul, da haikalan Japan, da bangon kaburburan Afirka ta Gabas, duk tsawon shekarun da garin da ya yi su ya kāsa yin irinsu. Ajiye kaya bai isa ya kiyaye sana'a ba. Abin da ya komo da ita shi ne 'yan tsofaffin da suka rage a Baoxi, da yardar da suka yi su buɗe abin da kakanninsu suka ɓoye, da yaran da aka sa a gabansu tun suna da ƙarfin koyarwa. Da umarnin 1957 ya yi jinkirin shekara 20, da wuya a tarar da yawancin tsofaffin nan da rai.

Mai karatu zai iya duba garinsu. Akwai marina, da masaƙa, da maƙera, da matoya waɗanda a yau mutum ɗaya ko biyu kaɗai suka rage a cikinsu, su ma furfura ta kama su. Wanda yake da irin wannan ilimi a hannu, kada ya jira sai ɗan cikinsa, ya koya wa duk yaron da ya nuna so. Wanda kuma yake da yaro mai hannu, ya kai shi tun malamin yana gani yana ji.